Karatu Ya Ƙi Zama? Rufe Littafin Ki Tambayi Kanki



'Yar uwa, bari in fara da tambayarki. Sau nawa kika zauna da littafi bayan sallar isha'i, kin gama wanke-wanke, yara sun yi barci, kika karanta darasi sau uku ko huɗu har kika ji ya zauna daram, amma washegari da malama ta ce, "Wa za ta kawo mana?" sai kika ji kanki fayau kamar an wanke allo? Ko kuwa ɗiyarki ce ta kwana a kan littafi saboda jarrabawa, ta dawo gida idanu jajur tana cewa, "Wallahi Umma na karanta, amma ina ganin takardar komai ya gudu"?

Daga nan ne mata da yawa ke yanke wa kansu hukunci. Sai ki ji ana cewa, "Ni fa kaina ya toshe," ko "Haihuwa ta cinye min ƙwaƙwalwa," ko "Karatu ai sai yara." Wata ta fara fashin Islamiyya saboda kunya, har ta daina zuwa gaba ɗaya. Wata ta ajiye burinta na komawa makaranta. Yarinya kuma a laƙaba mata sunan daƙiƙiya, ta tashi da shi har girmanta. Alhali sau tari kan lafiyarsa ƙalau, yadda ake karatun ne ya zama kamar ɗiban ruwa da kwando. Abubuwa biyu ne ke toshe wannan yoyo, kuma ba su buƙatar ko sisin kwabo: ki riƙa yi wa kanki tambaya littafi a rufe, sannan ki rarraba bitarki a kan kwanaki maimakon ki tara ta a dare ɗaya.

Mantuwa ba ciwo ba ce

A shekarar 1885 wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Hermann Ebbinghaus ya fitar da sakamakon gwajin da ya daɗe yana yi a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sannan ya auna nawa suka rage masa bayan minti 20, bayan awa guda, bayan kwana guda, har zuwa kwana 31. Abin da ya gano shi ne, mantuwa ta fi gudu a farkon lamari. Bisa ma'aunin da ya yi amfani da shi, bayan awa guda fiye da rabin wahalar da ya sha ta tafi, bayan kwana guda kusan kashi biyu cikin uku sun tafi, daga nan sai zubewar ta lafa, ta koma kaɗan-kaɗan. A 2015 wasu masana a ƙasar Holan sun sake wannan gwaji, suka samu kusan abin da ya samu.

Gaskiya ne karatun da kika fahimci ma'anarsa ya fi daɗewa a kai fiye da gaɓoɓin da ba su da kan gado. Amma tsarin ɗaya ne ga kowa, malami da ɗalibi, budurwa da mai 'ya'ya takwas: sabon karatu kamar danshin ƙasa ne bayan yayyafi, in ba a ƙara masa ruwa da wuri ba, rana ɗaya ta isa ta busar da shi. Don haka ki daina tuhumar kanki don kin manta. Abin tambaya shi ne, me kike yi wa karatun bayan kin rufe littafi?

Yaudarar maimaita karatu

Yawancinmu hanya ɗaya muka sani: mu karanta, mu sake karantawa, mu ja layi da jan biro, mu sake karantawa. A karo na huɗu idonki ya saba da shafin, kalmomin na tafiya sumul, sai zuciya ta ce miki, "Ai na iya." A nan yaudarar take. Gane abu idan yana gabanki daban, fito da shi daga kai idan babu shi daban. Kin sha haɗuwa da mace a gidan biki, kin tabbata kin san fuskarta sarai, amma sunan ya ƙi zuwa. To, jarrabawa da malama suna suke tambaya, ba fuska ba.

A 2006 wasu masana biyu, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka, sun gwada wannan a kan ɗalibai. An ba su gajeren rubutu. Rukuni ɗaya suka yi zama huɗu na minti biyar-biyar suna ta maimaita karanta shi. Wani rukunin kuma zama ɗaya kawai suka yi da rubutun, sai aka karɓe, aka ba su farar takarda har sau uku su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba, da kashi 83 cikin 100, masu gwada kansu kuwa kashi 71. Amma da aka gwada bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaitawa suka sauko zuwa kashi 40, masu gwada kansu suka riƙe kashi 61. Abin mamaki, da aka tambaye su tun farko, masu maimaitawar ne suka fi tabbacin cewa za su tuna.

Kin ga ke nan dalilin da ya sa ɗiyarki ba ƙarya take yi ba da ta ce ta karanta. Ta karanta ɗin, kuma a daren ta ji ta iya. Hanyar ce mai daɗi a yau, mai ba da kunya a gobe.

A 2013 ma, John Dunlosky da abokan aikinsa huɗu sun tattara binciken da aka yi a kan hanyoyin karatu guda goma da ɗalibai suka saba da su. Biyu kacal suka samu matsayi mafi girma: gwada kai da tambayoyi, da rarraba bita a kan lokaci. Maimaita karatu da ja wa rubutu layi suna cikin waɗanda suka zo ƙasa.

Rufe littafin ki tambayi kanki

Me ya sa tambaya ta fi? Domin duk lokacin da kika tilasta wa kanki lalubo abu daga ƙwaƙwalwa, kina ƙara share hanyar da za ki bi ki same shi gobe. Kamar hanyar rafi ce: wadda ake bi kullum ciyawa ba ta rufe ta. Wannan ɗan nauyin da kike ji, kina cewa "yana bakina, yana bakina," shi ne aikin. In babu shi, karatun bai shiga ba.

Ga yadda za ki yi. Ki karanta darasin a natse har ki fahimce shi. Abin da ya shige miki duhu ki tambaya, domin haddace abin da ba a gane ba wahala ce biyu. Sannan ki rufe littafin ruf, ki kife shi in ta kama. Ki ɗauki takarda ki rubuta duk abin da kika tuna, ko ki faɗe shi da baki kamar kina koya wa ƙanwarki. Bayan kin ƙure iyakar ƙoƙarinki, sai ki buɗe ki gwada da abin da ke ciki. Inda kika yi daidai ki wuce, inda kika tsallake ko kika yi kuskure ki yi masa alama, ki gyara, ki sake rufewa.

A ce yau an koya muku farillan alwala bakwai kamar yadda suka zo a Ahalari. Maimakon ki karanta su sau goma, ki karanta sau biyu, ki rufe, ki ƙirga da yatsu. Kika kawo biyar, biyu suka maƙale? Madalla, yanzu kin san ainihin inda matsalarki take. Da maimaitawa kawai kika yi, da sai a gaban aji za ki gano.

Kar ki tsallake matakin dubawa. Gwada kai ba tare da duba amsa ba yana iya dasa miki kuskure, kuma cire kuskuren da ya zauna ya fi koyon sabo wuya.

Ba karatu tazara

Abu na biyu shi ne lokaci. Ebbinghaus ɗin nan ya lura cewa jerin da ya ci masa maimaitawa 68 a zama ɗaya, maimaitawa 38 kacal ta wadatar da ya rarraba ta a kan kwana uku, kuma sakamakon ya zo ɗaya. Wato kusan rabin wahala. Ke da kike shayar da shuka kin san bambancin tuttula mata bokiti bakwai ranar Asabar da ba ta bokiti ɗaya kowace safiya.

Sirrin shi ne ki dawo wa karatu a daidai lokacin da ya fara dusashewa amma bai ɓace ba. Idan kika dawo da wuri ƙwarai, babu wani lalube da ƙwaƙwalwa za ta yi. Idan kika daɗe ƙwarai, sai ki koma farko. Kuma duk bitar da kika yi nasara, karatun na ƙara jure tazara mai tsawo. A wani bincike da Nicholas Cepeda da abokansa suka fitar a 2008, wanda mutum fiye da 1,300 suka shiga, an ga cewa tazarar da ta fi amfani ta danganta da tsawon lokacin da ake son riƙe abin. Wanda za a gwada bayan mako guda, bita bayan kimanin kwana ɗaya ta fi yi masa amfani. Wanda za a gwada bayan kwana 35, kimanin kwana 11. Wanda kuwa sai bayan kusan shekara, kimanin makonni uku.

Ga tsari mai sauƙi da za ki iya farawa da shi. Darasin da aka yi ranar Asabar, ki gwada kanki a kai a daren ranar kafin ki kwanta. Ki sake ranar Lahadi. Ki bar shi sai Laraba. Daga nan sai Laraba ta sama, sai bayan mako biyu, sai bayan wata. Ba doka ba ce da ba a taɓawa. In ya kufce miki a wata bitar, ki matso da ta gaba kusa, in ya zo a sauƙaƙe ki ƙara nisa. Ki rubuta ranakun a gefen shafin ko a kalandar ɗaki don kar lissafi ya rikice.

Wannan albishir ne gare ki musamman, uwargida. Ke da ba ki da awa uku a jere, kina da minti goma-goma da yawa a yini: lokacin da tuwo ke sulala, lokacin da kike tsince shinkafa, kina shayar da jariri, kina layin awo a asibiti, ko kina cikin adaidaita sahu. Karatun da ke buƙatar buɗe littafi ba ya yiwuwa hannu na cikin kwaɓi, amma tambayar kai ba ta buƙatar hannu. Ashe rarrabuwar lokacin da kike kuka da ita, ita ce ma irin wadda ƙwaƙwalwa ta fi so.

Makarantar allo ta riga mu

In kin lura, duk wannan ba baƙo ba ne a wurinmu. Ki tuna makarantar allo. Malam ya biya wa yaro, yaro ya yi ta nanatawa, amma ba a ba shi izinin wanke allo sai ya juya shi ya kawo da ka. Wannan shi ne gwada kai. Sannan ba a barin na baya don an yi ƙari. Akwai tilawa, ana komawa kan surorin da aka wuce. Mahaddaci da ke karanta izu biyu kullum yana zagaye izu sittin a kwana talatin, ya sake komowa. Wannan ita ce bita mai tazara. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito an kwatanta mai haddar Alƙur'ani da mai raƙumi ɗaurarre, wanda in yana kula da shi zai riƙe shi, in ya sake shi ya tafi. Haka kuma Imam Bukhari ya ware babi guda a kan malami ya jefa wa ɗalibansa tambaya don ya gwada iliminsu, inda ya kawo labarin ranar da Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ta yi kama da Musulmi, Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce amma kunya ta hana shi faɗa.

Abin takaicin shi ne, hanyar da muka yarda da ita a hadda, sai mu ajiye ta a bakin ƙofa idan an zo fiƙihu, Larabci, lissafi ko kimiyya. Alhali ƙwaƙwalwar ɗaya ce.

Gwangwani uku da 'yan katuna

A 1972 wani ɗan jarida Bajamushe mai suna Sebastian Leitner ya bayyana wata dabara ta akwati mai gida biyar, wadda har yau ake amfani da ita. Ke gwangwanin madara uku sun ishe ki. Ki yayyanka kwali ko takarda daidai tafin hannu. A fuska ɗaya ki rubuta tambaya, a bayanta amsa. Kati ɗaya, tambaya ɗaya: kalmar Larabci a gaba, ma'anarta a baya, "7 sau 8" a gaba, "56" a baya, "Wace shekara aka haɗe Arewa da Kudancin Nijeriya?" a gaba, "1914" a baya.

Duk sabon kati gwangwani na ɗaya yake shiga, wanda ake dubawa kullum. In kika amsa daidai, ya ƙaura zuwa na biyu, wanda ake dubawa bayan kwana uku-uku. In kika sake cin sa, ya wuce na uku, na mako-mako. Duk wanda kika faɗi kuwa, ko daga ina yake, ya koma na ɗaya. Da haka masu wuya za su riƙa zuwa gabanki kullum, masu sauƙi ba za su cinye miki lokaci ba. Sharaɗi ɗaya ne: ki furta amsar kafin ki juya katin. Juyawa da cewa "ai dama na sani" cutar kai ce.

Kuma kar ki yar da kati don kin ci shi sau ɗaya. Karpicke da Roediger sun gwada haka a 2008 da kalmomin Suwahili 40. Ɗaliban da aka ci gaba da tambayarsu kalmomin ko bayan sun iya, sun tuna kimanin kashi 80 cikin 100 bayan mako guda. Waɗanda aka daina tambayarsu kalma da zarar sun kawo ta daidai, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai suka tuna.

Mai babbar waya tana iya sauke manhaja irin su Anki, wadda ke lissafa ranar da kowane kati zai dawo. Amma in kin san da kin ɗauki waya sai kin leƙa WhatsApp, gwangwaninki ya fi miki.

Yadda za ki taimaki yaranki

Idan yaro ya dawo makaranta, ki rage tambayar "Ka yi karatu?" domin amsarta kullum "E" ce. Ki ce masa, "Ajiye jakar, faɗa min abu uku da aka koya muku yau." Gobe ki tambaye shi na jiya kafin na yau. Ranar hutu ki tambayi na farkon mako. Ko ba ki yi boko mai zurfi ba, za ki iya riƙe littafin ko katin, shi ya faɗa, ke ki duba. In ma karatun ya fi ƙarfinki, ki sa yayyensa su riƙa yi wa juna.

Masu shirin WAEC, NECO ko JAMB kuwa, tsofaffin tambayoyin jarrabawa dukiya ce, amma sai in an yi amfani da su daidai. Yara da yawa karanta tambaya suke yi tare da amsarta, kamar labari. Ki sa ta rufe amsar, ta rubuta tata, sannan ta duba. Kuma a fara tun saura watanni, ba saura kwana uku ba. Ki hana kwanan zaune a daren jarrabawa, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daɗa kafe abin da aka koya da rana.

Sai dai ki kiyaye, 'yar uwa: wannan tambaya ba ta kama ɓarawo ba ce. Idan kowace amsar da ba daidai ba tsawa ko bulala ke biyo ta, yaro zai tsani abin, ya koyi ɓoye inda bai gane ba. Ki nuna masa kuskuren gida riba ne, tunda an gano shi kafin ranar jarrabawa. Ki ba shi ɗan lokaci ya lalubo, kar ki yi saurin cika masa baki. In ya kasa, ki faɗa masa, ki sake tambayarsa an jima. A ɓangaren hadda kuma, a riƙa sauraron yaro ana duba Mushafi, kuma a kai wa malami ya tabbatar, don kar kuskuren wasali ya zauna.

Kafin mu rabu

Ki sa a ranki cewa makon farko ba zai yi miki daɗi ba. Za ki rufe littafi ki ga rabin abin ya gudu, har ki ji kamar da ma kin ci gaba da tsohuwar hanyarki. Kar ki karaya. Ba a ranar ya gudu ba, da ma bai zauna ba, yau ne kawai kika gani da idonki. Ki daure mako uku, ki kwatanta da kanki.

Yau da dare, ki zaɓi darasi ɗaya tak, wanda aka yi muku a wannan makon. Ki karanta, ki rufe, ki faɗa, ki duba, sannan ki rubuta ranar da za ki dawo masa. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya buɗa ƙwaƙwalen 'ya'yanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.